Yadda Na Koya wa Kakata Tsara Magana

Shekarar da kamfanin da Baba yake wa akawu a unguwar Bassa ya rufe ƙofa, ina aji na kusa da ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Kowa a unguwarmu New Bell bakinsa "la crise", wato matsin tattalin arziki. Baba ya daina ɗaura nakatayi, ya koma zaman tabarma a ƙofar gida. Wata safiya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, in zangon karatun nan ya ƙare zan bi kawuna shagon atamfa a kasuwar Mboppi. Raina ya ɓaci matuƙa, amma a gidanmu ɗa ba ya mayar wa uba magana. In kana da kuka, sai ka nemi babba ya kai maka.

A lokacin malaminmu na Faransanci, wani siririn mutum mai alli har a gira, ya sa mu gaba da darasin tsara rubutu. Ya zana akwati huɗu a allo. Gabatarwa gajera. Sai ka kawo ra'ayin abokin hamayyarka, ka yi masa ado har ya ɗauka ya ci. Sannan ka ce "amma", ka rushe shi. Sai kammalawa. Kowane sakin layi da magana ɗaya tak, in ka cusa biyu ya ja maka jan biro. Ni kuwa na fi kowa iya wannan abu, kuma na san na iya, har kaina ya fi ƙarfin hulata.

Sai na tafi wurin Kaka, mahaifiyar Baba, wadda take kirana mijinta tana kuma zagina a numfashi ɗaya. Na same ta tana gyaran ganyen miya.

"Kaka, ke za ki je wa Baba. Amma da tsari za ki yi, ba irin taku ta tsofaffi ba."

"To, malam. Karanta mini."

Na jera mata akwatunan da yatsu. Ta fara da hujjojin cire ni: aiki babu, masu digiri na tura amalanke, kasuwa ba ta jiran takarda. Daga nan ta ce "amma". Na sa ta maimaita har ta jefe ni da tsinken ganye.

Da yamma ta sa aka kira Baba ɗakinta, ni kuma na maƙale a bayan labule. Gabatarwar da aka ce gajera, Kaka ta gaishe shi da gajiya, da ruwan sama, da ƙafar da ke damunsa. Sannan ta shiga sakin layi na biyu, wallahi malaminmu da ya ji da ya tafa. Har da ƙari nata: ɗan maƙwabta ya gama jami'a yana sayar da ruwan sanyi, ni kuma boko ya sa ina gyara wa manya zance.

Abin da ban lissafa ba shi ne, Baba bai taɓa jin uwarsa ta faɗi magana don a rushe ta ba. Tana yin shiru ta ja numfashi, ya sunkuyar da kai.

"An gama, Inna. Gobe ma sai ya fara."

Aka kira sallar magariba, ya tashi ya fita. Na faɗo ɗakin kamar zan yi kuka.

"Kaka! Ina 'amma' ɗin?"

"Kai ka ce a bar mutum ya ɗauka ya ci. Bai gama ɗauka ba."

Haka na shiga Mboppi tun hutu bai zo ba. Na ɗauki bandir a ka cikin taɓo, 'yan dako suna kirana "Monsieur le professeur", wai babban malami. Kullum na dawo kafaɗa na zogi, sai Kaka ta tambaye ni a wane sakin layi muke yanzu. Na daina gaishe ta, ta ce ko a jikinta, dama miji marar tsari ne.

Ranar Juma'a Baba ya shigo gaishe ta, ina zaune ina shafa man zafi. Ko kallona ba ta yi ba.

"Amma fa," ta ce, "yaron nan ya koma makaranta."

Ba hujja, ba misali. Na jira Baba ya kawo maganar aiki. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa kaya.

"To, Inna."

Ran Litinin na fito wanka na tarar da shi a tsakar gida durƙushe, yana hura gawayin dutsen guga. Kakin makarantata ne a kan tabarma. Ya goge shi da irin tsinin da yake yi wa rigunansa na ofis, ya miƙo mini, yana kallon wani wuri.