Faɗin Yatsa Ɗaya da Goggo Aukje Ta Yanke

Ƙarfe bakwai na safe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, za ka ga Aukje Roorda ta jingine kekenta a jikin tsohon ɗakin ɗinkin da ke bakin tafkinmu. Ba ta shiga kai tsaye. Sai ta hau ganuwar da ke tare ruwa, ta ji inda iska ta fito, ta yi tsaki ko ta gyaɗa kai, sannan ta buɗe ƙofa ta ɗora ruwan kofi a wuta. Daga nan ta cire takalma, ta ɗaura tsumma a gwiwoyi, ta durƙusa a kan daɓen katako. Shekara arba'in da shida ke nan tana ɗinka zanen jirgi, ƙyallen da iska ke cikawa ta tura kwalekwalen tsere. Asabar ɗin da ta wuce ta ajiye allura.

Duk yankinmu na Friesland an san Hidde Algra. Shekara goma sha bakwai yana ɗauke da tutar Holan a tseren kwalekwale, daga Sifen zuwa Ostireliya, kuma mun sha ganin hotonsa a jarida yana murmushi da jan hanci. Ba a taɓa buga hoton matar da ta ɗinka kowane zane da ya yi tsere da shi ba. Ita ma ba ta nema ba, don ko jirgin sama ba ta taɓa shiga ba. In aka ce ta je kallo sai ta ce, "In na tafi wa zai ba kyanwa abinci?"

Goggo Aukje, kamar yadda kowa ke kiranta, ba ta yi wa mutum ɗinki sai ta kalle shi a kan ruwa kwana bakwai. Tana duba nauyinsa da zamansa da saurin fushinsa. Mai gaggawa ta yi masa zane mai haƙuri, mai sanyin jiki ta yi masa wanda zai tashe shi. Ranar da ta fara yi wa Hidde, sai da ta ce masa, "Kai faɗa kake yi da iska, kuma ita ba ta san kana yi ba." Ya ji haushi, amma ya dawo.

Awonta kuwa yana kan daɓe. Mahaifinta ne ya zana layukan da jan fenti tun kafin a haife ta, daidai da dokar ƙungiyar tsere, wadda ta ce zane ba zai wuce iyaka kaza ba. An amince da daɓen nan har tsoho Sipke, mai awo na ƙungiya, ya daina warware ma'auninsa in ya zo. Sai ya ga zane ya kwanta cikin jan layi, ya buga hatimi, ya zauna ya ci burodi mai sukari.

Shekara shida da suka wuce, Hidde na shirin gasar duniya a Japan, wadda ita ce ta ƙarshe a gare shi, domin gwiwarsa ta fara gajiya kuma bai taɓa samun lambar yabo ta duniya ba. Goggo ta yi masa sabon zane, Sipke ya buga hatimi. Zanen ya yi gudu irin wanda ba mu saba gani ba. Wata uku Hidde yana atisaye da shi, yana barin abokansa a baya, har muka fara maganar inda za a yi liyafa.

Saura kwana biyu ya tafi, da safe ƙofar ɗakin ɗinki ta cije wa Goggo. Ta tura da kafaɗa, sai ta tsaya tana tunani. A hunturun nan ruwa ya hau har ƙarƙashin ɗakin, kuma idan danshi ya kumbura ƙofa, me ya yi wa daɓe? Ta ɗauko ma'aunin ƙarfe ta shimfiɗa a kan layukan mahaifinta. Katakon ya buɗe. Zanen Hidde ya wuce doka da faɗin yatsa ɗaya.

Babu wanda ya sani, kuma hatimi na nan a kansa. Sipke ya shaida mini cewa shi ta fara kira, sannan Hidde, kuma a gabansa aka yi maganar.

"Ɗana, kawo zanen nan, zan rage shi."

"Goggo, wasa kike? An fa buga masa hatimi!"

"An buga wa daɓe hatimi, daɓen kuma ya yi ƙarya."

"Yatsa ɗaya! Wa zai gani? Haba Goggo, gasata ta ƙarshe ke nan."

"Ni na gani. Kai ma yanzu ka ji."

Sipke ya ce shi kam kunya ta hana shi ɗaga kai, sai juya hula yake yi a hannu. Hidde ya ce zai tafi da zanen haka nan. Goggo ta ce ba za ta ƙwace ba, amma ya tsaya ta tsinke alamar sunanta daga kusurwa. Sai Hidde ya fita ya ɗauko zanen daga mota ya jefa a daɓe. Ta yanke siririn ƙyalle daga sama har ƙasa, ta sake ɗinke bakin. Da ta miƙa masa zanen, sai ya sunkuya ya ɗauki yankin ya cusa a aljihu, ya fita ba sallama.

A Japan ya zo na huɗu. Maki ɗaya ne tsakaninsa da lamba. Ya dawo ya daina tsere, ya koma birnin Rotterdam, kuma shekara shida bai taka ɗakin ɗinkin ba. Wasu a garin nan sun zage ta a bayan ido, ni ma na taɓa cewa ta cika taurin kai, kuma yau ina jin kunyar maganar. Ita ba ta kare kanta ba. Ta kankare layukan mahaifinta da hannunta, ta zana sababbi, ta kuma sa Sipke ya dinga warware ma'auni. Amma matata ta ce duk ranar haihuwar Hidde sai Goggo ta sayi katin gaisuwa, ta rubuta, ta ajiye a aljihun tebur. Abin yana cin ta, domin tamkar ɗa ta ɗauke shi.

Ranar Asabar ɗin da ta ajiye allura muna ɗakin ɗinki, ana shan kofi ana yanka kek, sai ga Hidde a bakin ƙofa. Ya cire takalma kamar yadda dokar ɗakin take, ya taka har gabanta, ya zaro ƙyallen nan daga aljihu, wanda ya yi baƙi don yawan riƙo.

"Na daɗe ina jin haushinki, Goggo," in ji shi. "Na huɗu na zo. Amma na huɗun nan nawa ne, ba wanda zai zo ya karɓe."

Ta dube shi sama da ƙasa, idonta ya cika. "Da ka rage cin cuku, da na uku ka zo," in ji ta. "Zauna, kofinka na hucewa."

Ke ce mai jan layi, Goggo Aukje. Ke ce kika yarda a ce kin yi kuskure a gaban mutanen da ba su tambaye ki ba, kika haƙura da fushin wanda kika fi so don kada ya rataya abin da ba nasa ba. Mun gode, a madadin duk wanda ya taɓa fita ruwa da ɗinkinki. Mu kuma sauran, kowa na da daɓen da ya gada ya daina aunawa. Gobe da safe, kafin wani ya tambaya, a ɗauko ma'auni a shimfiɗa.