Pagma da Gemun Jarumi

Pagma ba ta taɓa sanin ana biyan mutum don ya zauna kawai ba, sai shekarar da sanyi ya kwashe mata tumaki kaf. Mijinta dama ya riga su tafiya lahira. Ta naɗe shimfiɗarta ta shigo gari, aka sama mata aikin tsaro a gidan tarihi na lardi, haɗe da wani ɗan ɗaki a bayan tukunyar ɗumama gini. Ɗakin nan shi ne rufin asirinta. In ta rasa shi, sai gidan ƙaninta, inda ake kwana a jere kamar itacen girki.

Zauren tarihin kakannin Mongol aka ba ta. A tsakiyarsa an kafa ger, bukkar gashin tumaki irin wadda aka haife ta a ciki, an zaunar da mutum-mutumin wani jarumin zamanin yaƙe-yaƙe da aka yi da kakin zuma, da sulke, da gemu har ƙirji. Aikinta ta hana mutane taɓawa.

Ita kuwa abin da ya tsaya mata a rai daban ne. Ga namiji zaune a mazaunin maigida, ba wuta, ba shayi. A inda ta tashi, ko ɓarawon doki ne ya shigo sai an miƙa masa kwano kafin a tambayi sunansa. Don haka kullum da safe take ajiye masa shayin madara mai gishiri da busasshen cuku. Makiyayan da ke zuwa kallo suka gani, su ma suka riƙa zuba masa alewa a cinya. Da ta lura gemun ya bushe, sai ta murza masa kitsen wutsiyar tunkiya, yadda take yi wa linzamin dokin marigayi mijinta.

Shugaban gidan, Luvsandorj, wanda ta haifi kamarsa, ya tarar da kwanon.

"Inna Pagma, nan gidan tarihi ne ko gidan biki?"

"Ɗana, mutumin da ya ci rabin duniya, kwanon shayi ne za a yi masa rowa?"

"Kakin zuma ne, Inna!"

"To ai bai ce ba ya so ba. Mijina ma da ransa bai taɓa cewa an gode ba."

Ya ce gwamnan lardi zai zo buɗe sabon baje koli, kuma in aka sake samun matsala a zaurenta, ta nemi wurin kwana.

Ta daina kai shayi, amma ɓeraye sun riga sun san hanya. Da ba su sami cuku ba, suka bi ƙanshin kitse. Ranar buɗewa da safe ta iske haɓar jarumi tas, kamar gwiwar jariri.

Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki almakashin saisaye ta nufi tsakar gida, inda Shagdar mai gadin ƙofa ya ɗaure bunsurun walima.

"Shagdar, ara mini gemu."

"Nawa ko nasa, Yaya?"

"Naka ko ɓera ba zai kalla ba. Riƙe mini ƙahonsa."

Ta yanke, ta manna da danƙo, ta taje. Gaskiya ya fi na da kyau.

Sai dai an ƙara wutar ɗumama gini saboda baƙi, zauren ya ɗau zafi. Gwamna ya tsallake dokin ƙofar ger da ladabi, ya soma jawabi a kan girman kakanni. Can sai hancinsa ya motsa. Na bayansa suka shiga kallon juna, kowa na zargin na kusa da shi. Mahaifiyar gwamna, tsohuwar makiyayiya da ba ta iya raɗa ba, ta matsa ta shinshina haɓar jarumin.

"Kai, wannan kakan namu bunsuru ne! Ba a ma dandaƙe shi ba."

Dariya ta ɓarke, har mai ɗaukar hoto ya zauna a ƙasa.

Kafin a kira ta, Pagma ta riga ta ɗaure shimfiɗarta. Luvsandorj ya dube ta, ya dubi ƙanƙarar da ta fara sauka a waje. In ya kori sa'ar uwarsa a bakin sanyi, garin nan ba zai bar shi ya sha shayi lafiya ba.

"Kwance kayanki, Inna. Amma ke da jarumi kun rabu har abada. Daga gobe kina zauren ƙasusuwan dodon zamanin da, wanda aka haƙo a hamadar Gobi. Shi ba gemu, ba ciki, ba fata."

Tana can har yanzu, a kujerar kusa da taga, tana jan carbinta. Wuyan dodon ya yi mata nisa, don haka shuɗin ƙyallen girmamawa da ake rataya wa manya a wuya, a wutsiya ta ɗaura masa.