Matattun da Kawu Ya Shigo da Su Fammar

Shekaranjiya ina tankaɗe a tsakar gida na ji wani gurnani yana fitowa daga wayar 'yata. Da na leƙa, ashe fim ne na gawawwakin nan masu tashi suna bin rayayyu. Wataƙila a wurinka, mai karatu, shirme ne kawai. Ni kuwa ajiye rariyar na yi, don kawuna ne ya faɗo mini a rai.

Ƙanin mahaifiyata ne, tela a Fammar, inda na tashi. A shekarun da aka koma mulkin farar hula, duk ranar kasuwar Kibiya idan ya sayar da ɗinkinsa sai ya biya gidan kallo. A can ya ga irin wannan fim. Bai ji Turancin ba, sai ya dawo gida ya gina nasa. Da kaka, bayan la'asar, muna ɓarar gyaɗa a gindin darbejiya, yana taka keken ɗinki yana ba mu labari, manya na tsaitsaye kamar wucewa suka zo yi.

Ƙaryar Kawu tana da gindin zama. Matattunsa ta hanyar Rurum suke shigowa, suna jan ƙafa a yashin rafi. Ya san iya watannin da dawar rumbunmu za ta kai mu idan an datse ƙofa. Ya san rijiyar da ke cikin katanga da wadda ke waje. Ya ce shanun Fulanin da ke maƙwabtaka da mu ne za su fara jin warinsu, saboda haka mai hankali ruga zai nufa. Kakata takan ce ya ji tsoron Allah, can kuma sai ta gyara zama ta ce, "To, ita mai jegon nan da ka bari a ɗaki, yaya aka yi da ita?"

Kuskurensa ɗaya, mutanen gari yake sakawa a ciki. Mai shagon unguwarmu ya ɓoye gishiri da kananzir a labarin, kowa ya yi dariya, ban da shi.

Da shari'a ta zo aka rufe gidan kallon. Liman ya kira Kawu, ya yi masa nasiha a hankali cewa matattu ba sa tashi sai ranar ƙiyama. Kawu ya ce, "Na ji, Malam." Bai ƙara ba da labarin ba.

Daminar da ta biyo baya amai da gudawa ya shigo gari. Cikin mako guda aka fitar da gawa daga gidaje uku. A bakin rijiya na fara jin ana cewa bakin tela ne, shi ya yi ta kiran annoba har ta amsa. Alhali Kawu ne ke tura marasa lafiya a amalanke zuwa bakin titi, a cikin taɓo. Can shi ma ya ɗauko cutar.

Na raka mahaifiyata ƙofar mai shago da rana tsaka roƙon a kai Kawu asibiti, domin shi kaɗai ke da mota a unguwar. Ta yi sallama har muryarta ta dishe. Ina ganin takalmansa a soro. Daga ciki aka ce ba ya nan.

A amalanken nan Kawu ya cika, kafin a kai titi. Liman ne ya yi masa wanka da hannunsa. Na leƙa ta katangar zana lokacin salla, ko sahu ɗaya bai cika ba, a garin da rabinsa ya sha tsayuwa a gindin darbejiyarmu.

Yanzu akwai burtsatse a unguwar, akwai titi, jikokin mutanen garin kuma suna kallon gawawwaki a waya ba mai cewa sun kira annoba. Bara na je gida, mai shagon ya tsufa, yana dogara sanda. Ya tare ni da fara'a ya ce, "Allah ya jiƙan kawunki, 'yata. Ba a sake yin mai labari irinsa ba."

Na durƙusa na ce amin. Na miƙe na wuce gida.