Abin Rufar Inna

Ni dillaliya ce. Na fara da ɗaukar zannuwan mata a ka ina shiga gida-gida a Unguwar Gano, har Allah ya sa na buɗe shago a Tarauni, na gina gidana a Gyaɗi-Gyaɗi. In na murza atamfa tsakanin yatsu biyu, na san mai kyau na san ta bogi. Amma ɗinki ban iya ba, almakashi kuwa ba ma shiri da shi, don a sana'armu turmin da aka yanka ya riga ya faɗi.

Shekarar da Inna, mahaifiyata, ta fara ruɗewar tsufa, na ɗauko ta daga tsohon gidanmu na dawo da ita wurina. Tana cin abinci, tana sallarta, sai dai ta daina gane ni. A ganinta ita baƙuwa ce a gidan wata mata mai kirki. Kullum da safe in na shiga gaishe ta, ita ke riga ni.

"Hajiya, an tashi lafiya? Allah ya saka da alheri. Gobe dai zan koma gida, na ɗora muku nauyi."

Wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya gagare ni shi ne bargo. Damina ta sauka, tari ya kama ta har muka kwana asibiti, likita ya ce ƙirjinta ba zai ƙara ɗaukar wani sanyin ba. Na sayo bargo mai laushi na rufa mata. Da safe na tarar ta ninke shi tsaf ta ajiye a gefen gado, ita kuma ta ƙudundune cikin wani tsohon zanenta da ana hango haske ta cikinsa.

"Inna, me ya sa ba ki rufa ba?"

"Na mutane ne, Hajiya. Ni ban taɓa kwana cikin aro ba."

Gaskiya ta faɗa. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, da ɗinkin hula ta raine mu, kuma ko ranar biki ba ta taɓa aron mayafin maƙwabciya ba. Ta manta sunana, amma wannan ba ta manta ba.

Ƙanena, wanda ke aikin gwamnati, ya ce, "Yaya, ki ce mata nata ne mana. Ke da kike sayar wa mutum zanen da bai yi niyya ba, tsohuwa ɗaya ta gagare ki?"

Na ce, "Je ka gwada, mai baki."

Ya gwada. Ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, ta ninke bargon a gabansa.

Wata mai sayen kaya a shagona ce ta nuna min wani ajin koyon ɗinki a wayarta. Wata malama ce daga Jos take koyar da ɗinkin abin rufa na haɗe-haɗe: a yanka ƙyallaye a jera su, a sa auduga a tsakiya, a sa shafi a ƙasa, a ɗinke su su zama abu ɗaya mai kauri. Nan take lissafina ya ba ni: in Inna ba za ta rufa da na mutane ba, sai a yi mata bargo da nata zannuwan. Na shiga ajin, na sayi tsohon keken ɗinki.

Ban taɓa ganin fuskar malamar ba, hannuwanta kawai ake nunawa, da wani zoben azurfa a ɗan yatsa. Tana turo darasi a bidiyo, mu ɗinka mu tura hoto, ta amsa da saƙon murya. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ciniki ke lafawa, nake jingina wayar a jikin turamen atamfa in yi ta fama. Ranar da na tura haɗina na farko, dariya ta fara yi kafin magana.

"Hajiya dillaliya, wannan kusurwa ce ko kunnen akuya? Warware ki sake. Kuma ki daina jan ƙyallen, ba ciniki kuke yi da shi ba."

Na warware. Na koyi barin baki daidai a kowane gefe, na koyi goge kowane haɗi kafin in ɗora wani. Da hannuna ya faɗa, na buɗe akwatin Inna na zaɓo zannuwan da suka fi kyau, waɗanda ko ruwa ba su taɓa gani ba. Ranar da na sa musu almakashi sai da na yi bisimilla na rufe ido.

Abin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na kai mata ina jin kaina. Ta shafa, ta ɗaga, ta duba bayansa.

"Kai, masha Allahu. Wannan ai na amarya ne. Adana shi, Hajiya, kar a ɓata miki."

Ta ninke ta miƙo min. Sai a lokacin na lura da abin da na yi. Na zaɓa da idon dillaliya. Zannuwan nan yawanci ni na saya mata, ita kuma ta ajiye ba ta taɓa ɗaurawa ba. Jikinta bai san su ba.

Na faɗa wa malama, muryata ba daɗi. Ta ce, "To da wanne take rufa?"

"Wani tsumma ne, malama."

"Tsumman za ki nemo."

Na hau adaidaita na koma tsohon gidanmu, na kwance buhun tsofaffin zannuwan Inna da na ware tun tuni don a bayar. Zanen da take daka da shi, wanda ya koɗe a gwiwa. Zanen goyon ƙanena. Wani mai zanen tsuntsaye da tartsatsin murhu ya huda. Malama ta koya min yadda ake lulluɓa wa ruɓaɓɓen zane siririn shafi ta baya don kada ya yage, da yadda ake kewaye huda a bar ta a wurinta.

Darasin ƙarshe da hannu ake yi, allura ta ratsa sama da auduga da ƙasa. Na daina kai aikin shago. Bayan la'asar nake shimfiɗa tabarma a ɗakin Inna, in jingina wayar a jikin filas ɗin shayi. Ranar farko da ta ji muryar malama ta waiga.

"Baƙuwa aka yi? A kawo mata ruwa mana."

Na ce an kai mata. Ta dubi aikin da ke kan cinyata, sai ta miƙo hannu ta taɓa zanen tsuntsayen, ta sa yatsa a hudar. Hannuna ta koma kallo, har abin ya ishe ta.

"Hajiya, ki yi haƙuri, wa ya koya miki riƙon allura? Kamar mai tuƙa tuwo. Kawo nan."

Na ba ta. Hannunta na rawa, idonta ya yi rauni, ni nake zura mata zare. Ɗinkinta ya fito wani babba wani ƙarami, layin ya karkace ya bi inda ya ga dama. Ni da ba na sayar da kaya mai aibu, hannuna ya yi ta ƙaiƙayin in warware in ta yi barci. Ban taɓa ba. Haka muka yi ta yi, ita daga wancan gefe ni daga wannan, tana ba ni labarin wata 'yarta mai taurin kai da ke yawon dillanci, wadda ba a cutarta a ciniki. Na ce Allah ya shirya ta. Ta ce amin, amma yarinyar kirki ce.

Ranar da muka gama, na bar abin rufar a bakin gadonta na fita. Aka kwana ana ruwa. Da safe na tura ƙofa a hankali, na riga na shirya ganinsa a ninke. Sai na hango kanta kawai, sauran jikinta duk yana ciki har wuya.

Da hantsi ƙanena ya zo. Ya kama gefen abin rufar yana tsokana. "Inna, a ba ni aron wannan mana."

Ta buge masa hannu. "Kai, saki. Nawa ne, ni na ɗinka. Hajiyar nan ta ɗan taya ni."

Tarin bai dawo ba a daminar nan. Har yau Hajiya take ce min, kuma na daina gyara mata. Amma a safiyar, bayan ƙanena ya fita yana share ido wai hayaƙin turare ne, ta dube ni ina zaune a bakin gado ba ko safa. Ta ɗaga gefen da zanen tsuntsayen yake.

"Matso, Hajiya, sa ƙafarki, akwai sanyi. Kullum ni ke cin arzikinki. Yau ke ma ki ci nawa."

Na matsa na sa.