Mutumin da Ya Ce Ba a Zafi a Sakkwato

A shiyar Madunka, inda dukawa ke zaune tun kakanni, idan kana neman faɗa da Malam Lawali ba sai ka taka masa fata ba. Ka tsaya a ƙofar rumfarsa kawai, ka share goshi, ka ce wash, yau ana zafi. Zai ajiye basilla ya dube ka kamar ka zagi iyayensa.

"Zahi? Wane zahi? Wanga ɗumi na. Ku dai raki gare ku."

Haka yake tun yana saurayi. Sau ɗaya ya taɓa kai jakunkuna Kano, wani ɗan kasuwa ya tambaye shi ko gaskiya ne a garinsu ƙwai na dahuwa a aljihu. Lawali ya kwashe kayansa ya dawo bai sayar ba, kuma tun daga ranar ya ɗaura ɗamarar wanke sunan Sakkwato. Duk baƙon da ya zo sayen takalmi ko matashin fata, sai ya rufe rumfa ya zaga da shi gari, ba don an roƙe shi ba. Abin da ke ƙona masa rai shi ne, ka kai mutum Hubbare, ka nuna masa fadar Sarkin Musulmi, ka cika masa ciki da fura mai kyau, ya koma gida a tambaye shi me ya gani, ya ce rana.

To, ana nan sai ɗansa Sirajo ya dawo daga karatu a Jos da magana a bakinsa. Ya ga yarinya, Kausar, kuma ta gan shi. Mahaifinta, Malam Abdulrazak, tsohon malamin makaranta ne, bai ƙi ba, amma ya ce ba zai ba da 'yarsa garin da bai taɓa takawa ba. Zai zo ya gani da idonsa tukuna. Da aka tambaye shi yaushe, sai bawan Allah ya tsallake duk watannin shekara ya zaɓi Afrilu, lokacin da ko ƙadangare ba ya tsallaka titi da azahar.

Sirajo ya daina cin abinci sosai. Lawali kuwa ya ce a bar masa. Ya aro motar maƙwabcinsa mai na'urar sanyi, ya sa aka gyara ɗakin zaure, aka kawo janareto da fanka biyu. Ya tsara cewa za a fita da baƙo da sassafe, a dawo da shi kafin hantsi ya dubi ludayi, a kulle shi a ɗaki, sai bayan la'asar a sake fitowa. Matarsa Mairo ta saurare shi har ya gama, ta ce mutumin da ya taso takanas don ya ga gari ai ba kaza ba ne da za a kifa masa kwando. Lawali ya ce ba a tambaye ta ba.

Baƙo ya sauka, ɗan siririn dattijo mai tabarau da yawan tambaya. Tun a tasha ya fara.

"Malam Lawali, ina hamadar take? An ce mini daga bakin gari sai yashi."

"Wa yac ce maka? Gulbi gare mu, Malam. Gobe ka ga ruwa."

Washegari aka kai shi gadar Kwalkwalawa. Lawali ya nuna masa fadama kore shar, albasa da shinkafa, da masunta suna fito da kifi. Malam Abdulrazak ya yaba, sannan ya juya ya tambayi wani mai sayar da kifi ko ruwan famfo na zuwa kullum a cikin gari. Kafin mutumin ya buɗe baki Lawali ya shiga tsakani ya ce lokacin karin kumallo ya yi. Aka kai shi gidan tarihi ya ga tsofaffin takubba da littattafan da aka rubuta da hannu, ya fito yana tambayar mai gadi ƙarfe nawa yara ke tashi daga makaranta a irin wannan wata. Aka kai shi Kara, kasuwar dabbobi, don ya ga raƙuman da ya dame su da zancensu, ya bar raƙuma ya tsaya yana tambayar wata mai fura inda take kwana idan an ɗauke wuta. Lawali ya ja shi da hannun riga. Wane irin baƙo ne wannan, ana nuna masa gari yana leƙen bayan gida?

A Hubbare ne abin ya so ya lalace. Tambayoyin baƙo sun ci musu lokaci, ba su isa ba sai da rana ta take. Wuri ne da ake tuɓe takalmi, ƙasa kuwa ta yi kamar tanda. Malam Abdulrazak ya taka sau biyu ya fara ɗage ƙafa, ya ruga inuwa babu ko kunya. Lawali ya bi shi a hankali, taku ɗai-ɗai, hannu a baya, yana gaisawa da masu ziyara, fuskarsa kamar mai yawo a kan darduma.

"Ƙasa ta ɗan ɗuma," in ji shi da ya iso.

Da yamma Mairo ce ta shafa masa man kaɗanya a tafin ƙafa, duk sun yi bororo.

Ranar da baƙo zai koma, janareto ya yi tari ya mutu ana tsakiyar azahar. Lawali ya zura takalmi yana ɗingishi ya tafi neman mai gyara, yana tsine wa duk wanda ya ƙera injin. Bai samu kowa ba, don duk mai hankali yana kwance a inuwa. Ya dawo jiƙe sharkaf, ya tarar ɗakin zaure wayam. Sai ya jiyo murya daga cikin gida. Malam Abdulrazak ya yi sallama ya ce zai yi wa uwargida ban kwana, an shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin dogon yaro, Sirajo na tsugune a gefe. Lawali ya tsaya a bakin ƙofa, daidai lokacin da baƙon ke cewa, "Hajiya, don Allah ki gaya mini. Ana zafi a garin nan?"

"Zahi kam akwai shi, Malam," in ji Mairo. "Wani lokaci kamar rai shi hita."

Lawali ya ji kamar ya nutse. Ita kuwa ta ci gaba, ba ta ko rage murya ba. Ta nuna masa randunan da ta binne rabi a jiƙaƙƙen yashi, ta ɗebo masa ruwa ya sha ya lumshe ido. Ta ce ana gama girki kafin rana ta ɗaga, ana yayyafa wa tsakar gida ruwa da la'asar, ana kwana a waje. Ta ce amarya za ta yi ƙuraje a wuya da baya a shekarar farko, kuma akwai abin da ake shafawa.

"Ni ma daga Zariya anka kawo ni," ta ce. "Shekarata ta hwarko kullum sai na yi kuka bayan ɗaki. In na ce zahi, maigida shi ce raki na. Sai na bar hwaɗi."

Lawali ya shigo, don tsayuwar ta gagare shi. Ya buɗe baki zai gyara zancen, Malam Abdulrazak ya ɗaga masa hannu.

"Malam Lawali, na gode da ɗawainiya. Garinku ya yi mini, na ga abin da ban taɓa gani ba. Zafi kuma na san da shi tun ina Jos, shi ya sa na zo a wannan wata. Kausar ba ta taɓa kwana ba bargo ba. Za ta sha wuya, za ta yi kuka. Abin da ya hana ni barci shi ne, idan ta yi kukan a gidan da aka ce babu zafi, wa zai yarda da ita?"

Lawali ya dubi Sirajo, yaron ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi. Ya dubi Mairo. Shekara talatin da wani abu suna tare, ya san yadda take son shayinta, ya san ranar da ƙafarta ke ciwo, amma bai taɓa sanin akwai abin da ake yi a bayan ɗakin nan ban da shanya ba. Gumi ya gangaro ta gemunsa ya ɗiga a kan riga. Haushi ya cika shi, na baƙo, na janareto, na ɗan kasuwar Kano, ya rasa wanda zai sauke wa, don duk inda ya juya kansa yake gani.

Ya zauna a gefen tabarma, ya cire takalmin a hankali, ya miƙe ƙafafun nan masu bororo a gaban kowa.

"Akwai zahi, Malam," ya ce. "Aradu akwai shi. In Kausar ta zaka gidanga ta ce zahi, ni za ni hwara amsa mata."

Malam Abdulrazak ya ce to, a turo manya bayan salla. Sirajo ya tashi ya fita da sauri kada a ga fuskarsa. Mairo ta ɗebo wani ruwan a randa ta miƙa wa mijinta, ya karɓa da hannu biyu, ya kasa ɗaga ido ya dube ta.