Gaurakan Tsakar Gidanmu

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, maigidana ya rushe ginin ƙasa ya yi na siminti a Kankia. Lokacin duk wanda ya ji ya isa sai ya ajiye gauraka a tsakar gida. Mu ma wani maharbi ya kamo mana ɗaya daga fadamar Kunduru. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Matan unguwa su shigo ɗaukar wuta, su ɓuge da kallon tukkun kansa, ni ko ina hura hanci kamar ni na halicce shi.

Ashe da matarsa aka raba shi. Kullum da hantsi sai ta zo tana kewaya saman gidan tana kuka, shi kuma ya miƙe wuya yana amsawa, ya bar dawar da na watsa masa. Ni dai sai in ƙara ƙarfin daka don kada in ji.

Surukata ce ta kasa jurewa. Ta ce wa ɗanta, "Ku maishe shi inda kunka ɗauko shi. Wanga kuka ba zai bar mu da alheri ba."

Ya yi ta gunaguni, amma ya bi maganarta. Muka sa gaurakan a bayan akori-kura, har ni da maharbin, muka nufi fadama. Da aka sauke shi ya ruga da gudu, ya buɗe fukafukai, ya yi tsalle, ya kifa a laka. Ya tashi ya sake, ya sake kifawa. Nan maharbin ya sunkuyar da kai ya ce ai ba gashi ake yanke wa na gida ba, ƙashin fiffiken ake datsewa don kada ya tsiro.

Haka muka komo da shi. Matar ta ci gaba da zuwa har ƙarshen damina, daga nan shiru. Na yi shekaru ina ba shi hatsi, ban taɓa iya haɗa ido da shi ba.

Daga baya wani malamin daji ya zo garin, wai gwamnati za ta hana kamun gauraki, yana tambaya inda suka rage a ƙasar nan. Ya zagaya fadamu har Dudunni, bai ga ko ɗaya ba. A ƙarshe gidanmu aka nuna masa.