Juyi Uku da Na Ƙara wa Bawul

Ban yi karatun boko ba, faɗa nake ana rubuta mini. Na roƙi mai rubutun kada ta gyara mini komai, ko inda zai ba ni kunya.

Shekarar da aka kafa mana tankin ruwa a kan tudu, bayan firamare, mijina aka damƙa wa makullin bawul, wato abin buɗe ruwa da rufe shi. Wani ƙarfe ne mai tsawon kamu biyu, kansa kamar gicciye. Inji mai aiki da hasken rana yana cika tankin, daga nan ruwa ya gangaro da kansa ta bututu. A gindin tsamiya bututun ya rabu biyu: ɗaya ya sauko unguwarmu da ke gangare, ɗaya ya miƙa can nesa zuwa unguwar ƙetare, wadda ta fi mu tudu. Kowane reshe da bawul ɗinsa a cikin akwatin siminti mai murfin ƙarfe.

Na ƙetare a buɗe yake gaba ɗaya. Namu kuwa juyi biyu kawai Malam, mijin nawa, yake ba shi. Shi ya sa famfonmu yake zuba siriri, tulu ɗaya sai mace ta gaji da tsayuwa. Mata sukan tsokane ni a layi.

"Matar sarkin ruwa, ki ce wa mijinki ya saki hannu mana. Ko a tuwo ma haka yake auna miki?"

In na kai masa ƙorafin sai ya yi dariya, ya ce, "Ruwa rago ne, ba ya son hawa. In na buɗe muku hanya duka, nan zai kwanta, ƙetare ko ɗigo ba za su gani ba." Kowace Litinin da hantsi yakan je ya duba akwatin, ya dawo ya rataye makullin a ƙusa cikin zaure, kan gicciyen yana sama.

Da kaka ta wata shekara autarmu ta zo wankan gida, haihuwarta ta fari. Duk wadda ta taɓa yi wa 'ya wankan jego ta san ruwan da yake ci: ganga guda da safe, ganga guda da yamma, a tafasa da ganyen darbejiya, har kwana arba'in. Ga wankin tsummokara. Ƙafafuna sun fara ciwo tun lokacin, kuma rabin yinina a layin famfo yake ƙarewa.

Ranar wata Juma'a, maza duk sun tafi masallaci a garin gaba, na shiga zaure na ɗauki makullin, na saka shi cikin mayafina. Na je gindin tsamiya, na ɗaga murfin akwatin da ƙyar. Na juya sau ɗaya, na ji bututu ya yi gurnani a ƙarƙashin ƙafata. Na ƙara biyu. A raina na ce zuwa Lahadi zan mayar, kafin Malam ya zo dubawa. Da na dawo famfonmu yana feshi har yana ture bokiti, mata suna guɗa, wata tana cewa, "Yau sarkin ruwa ya tashi da hannun kyauta!" Na yi murmushi tare da su.

Asabar da safe Malam ya faɗi a bakin rumbu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Muka yi kwana huɗu a asibiti a Ɗanbatta muka dawo da shi a kwance.

Zan iya cewa na manta da bawul a cikin wannan tashin hankali, amma ƙarya ce. Na tuna. Sai dai yanzu ga mai jego ga majinyaci, wanki ya ninka, ruwan nan kuwa yana cika mini ganga kafin in gama hura wuta. Na ce a bari sai an yi arba'in.

A ƙetare famfo ya koma tari, iska kawai yake fitarwa. Ba wanda ya kawo bawul a ransa, saboda sun san wanda yake riƙe da makulli. Suka ce inji ne ya yi rauni, suka ce bututu ne ya toshe. Maza suka bar gyaɗarsu a gona suna tonon bututu. Matansu suka koma tsohuwar rijiyar fadama, tafiya mai nisa, har da masu ciki. Ina jin labarin a bakin masu zuwa dubiya, ina cewa Allah Ya kawo sauƙi.

Bayan kusan mako biyu suka ɗauko mai gyara daga birni. Ya aiko a ba shi makulli, ni na miƙa da hannuna. Ya rufe bawul ɗinmu yana ƙirgawa a gaban jama'a: biyar.

Da la'asar dattawan ƙetare suka shigo ɗakin Malam. Ina tsugune daga bakin ƙofa. Babbansu, wani Alhaji da suka yi karatun allo tare da Malam, ya gaishe shi da jiki, sannan ya ce, "Malam, ashe kafin ka kwanta sai da ka gyara wa naka. Ba mu zaci haka daga gare ka ba."

Malam ya yi ƙoƙarin magana, yawu kawai ya zubo. Ya juyo da idonsa ya dube ni. Ranar Juma'ar nan da na mayar da makulli, kai ƙasa na rataye shi, kuma na tabbata ya gani da ya dawo daga masallaci, bai dai ce komai ba. Kallon nan ba na fushi ba ne. Jira yake in buɗe baki. Na sunkuyar da kai, na ja zanena na goge masa haɓa.

Kwana tara bayan haka ya rasu. Ina cikin ɗaki aka kawo mini abin da aka faɗa a wajen jana'iza. Da liman ya nemi a yafe wa mamaci, Alhajin ya ce, "Mun yafe masa ruwan da ya hana mu." Mutane suka yaba da kirkinsa. Na yi takabata wata huɗu da kwana goma da wannan magana a ƙirjina, mata suna cewa ba su taɓa ganin mai kukan miji kamata ba.

Damina bakwai ke nan. Jaririn da aka yi wa wankan har ya shiga makaranta. A watan jiya, a layin famfo, na ji wata amarya daga ƙetare, wadda ba ta ma san ko ni wace ce ba, tana cewa mai riƙe da makulli na yanzu mutumin kirki ne, ba kamar na farko ba. Na bar tuluna a nan, na kama hanyar ƙetare da sandata.

Na sami Alhajin a zaurensa, idonsa ya yi rauni, da murya ya gane ni. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga mayafin. 

"Baiwar Allah," ya ce, "kin san sau nawa na ba da misali da shi a gaban yara? Ni yanzu wa zan je in roƙa?"

Na ce ban sani ba. Na ce ni ma ban zo neman a yafe mini ba tukuna, sunansa na zo a wanke.

Ya ce magana a bainar jama'a ya yi ta, don haka a bainar jama'a za a janye ta. Ya ce in sa a rubuta yadda abin ya faru, ranar Juma'a bayan an idar da salla zai sa a karanta a ƙofar masallaci, shi kuma zai tsaya a gefen mai karantawa.

To ga shi na faɗa. Juyi biyu mijina ya bari, kamar kullum. Ukun nan nawa ne. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Ni kuwa ranar Juma'ar zan je in zauna a bayan katanga, wajen mata, inda kowa zai gan ni.